KWIKWIYO A GIDA, GIDA KUWA BA WARI

Mutane da yawa su kan ajiye kare, ko wanne da dalilinsa. Maharbi yana ajiye shi domin farauta, makiyayi domin tsaron garke, manomi domin korar birai daga gona, mutumin gari kuwa domin ya yi haushi da dare in ɓarawo ya kama katanga. Dukansu sun yarda gara a ɗauki kare tun yana kwikwiyo, gama wanda ya girma a hannunka shi ne zai san muryarka, ya bi umurninka.

Amma fa kwikwiyo ba ya zuwa shi kaɗai. Kafin ya yi mako guda sai ka ji tsakar gida ta soma zarni, tabarmar zaure ta ɗauki hamami, ƙudaje sun yi yawa. Uwargida ta yi magana, maƙwabci ya yi habaici, baƙo ya sha ruwa a gurguje ya tashi. Daga nan waɗansu su kan fusata, su kai ɗan kwikwiyon bayan gari su yar, ko ya mutu da yunwa, ko ya rayu ya zama karen juji mai cizon 'ya'yan mutane. Wannan hasara ce, alhaki ne kuma. Ga shi kuwa abin yana da magani, maganin kuma ba mai tsada ba ne: ruwa, da sabulu, da yashi, da toka, da rana, da haƙuri na 'yan watanni.

WARI ƊAN AIKE NE

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, wari ba ya tashi haka kawai. Duk inda hancinka ya ji shi, akwai abin da ke ruɓewa a wurin. Masu ruɓar da shi kuwa waɗansu ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, ana ce da su ƙwayoyin cuta. Abu uku su ke so: ƙazanta, da laima, da ɗumi. In sun sami ukun nan sai su yi ta ci suna hayayyafa, tururin da ke tashi daga abincinsu shi ne wari. In ka kwashe ƙazantar, ka busar da wurin, aikinsu ya tsaya.

Saboda haka wanda ya ji wari ya ɗauko kasko ya zuba turare, ya yi kama da mutumin da aka aiko wa labarin gobara, ya toshe bakin ɗan aiken ya koma barci. Mai hankali ya kan bi warin har ya ga inda ya fito.

An ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, amma a sha'anin wari baƙo ya fi shi sani. Dalili kuwa, hanci ya kan saba da abin da ya daɗe yana shaƙa har ya daina jinsa. In kana so ka gwada gidanka, sai ka bari ka dawo daga kasuwa ko gona, ka tsaya a bakin ƙofa ka ja numfashi. Abin da ka ji a shaƙar farko, shi ne baƙonka ke ji.

FITSARI DA HANCIN KARE

Fitsarin kwikwiyo mai lafiya ba shi da wari mai ƙarfi sa'ad da ya fito. A cikinsa akwai wani sinadari da likitoci ke kira yuriya. In fitsarin ya kwana a ƙasa, sai ƙwayoyin nan su farfasa yuriya, ta koma wata iska mai yaji da a ke kira amoniya. Ita ce zarnin da ke sukar hanci. In wurin ya bushe zarnin ya kan lafa, amma ragowar tana nan cikin daɓe. Ran da damina ta kama, iska ta yi laima, sai ka ji ya dawo kamar jiya aka yi.

Ka sani kuma hancinka da na kare ba ɗaya ba ne. A cikin hancin mutum akwai 'yan ƙwayoyin jin ƙamshi kamar miliyan 5 ko 6, na kare kuwa sun wuce miliyan 100. Wurin da ka share ka ce ya yi tsaf, a gare shi alama ce a fili mai cewa nan ne wurin fitsari. Shi ya sa ya ke komawa gefen randa ko bayan ƙofa kullum. Ba taurin kai ba ne, hancinsa ya ke bi. To, aikinka kashi biyu ne: ka ba shi wuri guda wanda ka yarda, ka kuma shafe alamar daga wuraren da ba ka yarda ba.

YADDA ZA KA KOYA MASA WURI GUDA

Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako 8. Ranar da ya shigo, ranar a ke soma koyarwa, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ka zaɓi wani lungu inda rana ke bugawa, nesa da madafa, da rijiya, da wurin wasan yara, ka zuba yashi. Mafitsarar kwikwiyo ƙarama ce. Masu kiwon karnuka sun lura, ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar sa'a 2, ɗan wata 3 kamar sa'a 3, haka har ya kai wata 5 ko 6 ya mallaki kansa. Saboda haka kai za ka riga shi. Ka kai shi lungun nan da asuba da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da bayan ya yi wasa, da kafin a kwanta. In ka ga yana shinshinar ƙasa yana kewayawa, ka ɗauke shi maza, lokaci ya yi.

In ya yi a wurin da ka ke so, ka yabe shi nan take, ka shafa kansa, ka ba shi ɗan guntun dafaffen nama. Kada ka jinkirta, don kare ba ya haɗa lada da aiki in an sami tsaiko tsakaninsu. In kuwa ka tarar ya riga ya yi a inda bai kamata ba, kada ka doke shi, kada ka danna hancinsa a ciki. Abin da zai koya daga duka shi ne tsoronka, sai ya riƙa ɓuya bayan rumbu ko ƙarƙashin gado ya yi abinsa, inda ba za ka gani ba sai wari ya tona. Ka share kawai, gobe ka riga shi.

Da dare ka sa shi cikin ɗan ƙaramin wuri mai shinge, gama kare ba ya son ɓata makwancinsa. Amma kada ka kulle shi fiye da yadda zai iya riƙewa. A makonnin farko lalle wani ya tashi sau ɗaya cikin dare ya fitar da shi.

YADDA A KE WANKE WURIN DA YA ƁATA

In a ƙasa ne, ka zuba busasshen yashi ya tsotse, ka kwashe. Sa'an nan ka kankare ƙasar har inda laima ta kai, ka zuba sabuwa. In daɓe ne mai tauri, ka tsotse da yashi, ka goge da ruwan sabulu kaɗan, ka bar ƙofa a buɗe ya bushe.

In siminti ne ko tayil, ka ɗora tsumma ya sha fitsarin tukuna. Kada ka fara da kwara ruwa kana shara, wannan baza shi ne cikin ɗaki. Bayan haka ka wanke da sabulu, ka zuba ruwa mai tsami, watau binega da ruwa rabi da rabi, ko ruwan lemun tsami. Ka bar shi kamar minti 10, ka ɗauraye, ka busar. Ga dalili. Ko wace mace mai girki ta san kanwa da tsamiya suna kashe juna. Amoniya dangin kanwa ce, tsami ne ke karya ta. Don haka kada ka zuba toka ko ruwan kanwa a kan fitsari, ƙara tayar da zarnin za su yi. Toka tana da nata aikin, za mu zo gare shi.

Tabarma, da darduma, da buhu, a wanke su da sabulu, a shanya a rana, a juya ɗaya gefen kuma ya sha. Katifar soso kuwa in ta sha fitsari da wuya ta rabu da shi. Maganinta shi ne kada kwikwiyo ya san hanyar ɗakin kwana tun farko.

Akwai ruwan bilic wanda a ke sayarwa a kantuna domin faranta tufafi. Yana kashe ƙwayoyin cuta ƙwarai. Ka auna gwangwani 1 nasa, ka zuba cikin gwangwani 30 na ruwa, ka jiƙa simintin da shi minti 10, ka ɗauraye, kada kwikwiyo ya taka sai ya bushe. Amma ka kiyaye abu biyu. Kada ka zuba shi a kan fitsarin da ba a wanke ba, kada kuma ka gama shi da binega. Ko wanne daga cikin biyun nan yana fitar da iska mai guba wadda ke ƙona ido da ƙirji.

KASHI DA LAFIYAR 'YA'YANKA

Nan ne magana ta wuce ta wari. Yawancin 'yan kwikwiyo a kan haife su da tsutsar ciki, tun suna cikin uwa su ke ɗauka, ko ta nono. Tsutsar nan tana zuba ƙwai dubbai cikin kashi. Ƙwan ba ya cutarwa ranar da ya fito, sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa sa'an nan ya nuna. In ya nuna kuwa, yana iya shekaru bai mutu ba. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baka, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinsa, 'yar tsutsar ta bi jini ta shiga hanta, wani lokaci ma har cikin ido ta ɓata gani. Akwai kuma wata iri mai huda fatar ƙafar wanda ke yawo ba takalmi, ta bar masa layi mai ƙaiƙayi.

Ka ga ashe wanda ke kwashe kashi kullum ya riga ƙwan nuna. Safe da yamma ka barbaɗa toka a kai, ita ce ke busar da shi ta hana ƙudaje sauka, sa'an nan ka kwashe da shebur ko tsohon kwano wanda aka ware domin wannan aiki. Ka zuba a masai, ko ka binne cikin rami mai zurfin kamu guda, nesa da rijiya kamar mita 30. Kada ka jefa ta kan katanga, kada kuma ka sa shi takin lambu inda a ke shuka latas da tumatir. In ka gama ka wanke hannu da sabulu. Yashin lungun ma a riƙa canja shi ko wane mako.

Maganin tsutsa kuwa likitocin dabbobi sun tsara shi haka: a ba kwikwiyo yana mako 2, da 4, da 6, da 8, sa'an nan ko wane wata har ya kai wata 6, daga nan bayan ko wane wata 3. A kan auna maganin bisa nauyinsa, don haka ka bar likita ko malamin dabbobi ya faɗa maka adadi.

MAKWANCI DA WANKA

Ka yi masa 'yar rumfa a tsakar gida, inda akwai inuwa da iska, ka ɗan tayar da ƙasan don kada ruwan sama ya kwanta. Ka samo buhu biyu na algarara ko tsofaffin barguna biyu, yana kwance bisa ɗaya, ɗaya yana shan rana. Kullum a karkaɗe a shanya, ko wane mako a wanke. Mafi yawan hamamin kare a shimfiɗarsa ya ke taruwa, gama nan maiƙon jikinsa da gashi da miyau ke zuba. In ka rataya ɗan kwando na busasshen gawayi a rumfar, inda bakinsa ba zai kai ba, zai taimaka, don gawayi yana shan wari.

In kai Musulmi ne, ka riga ka sani fitsarin kare da kashinsa najasa ne. Raba masa wurinsa shi zai tsare maka buzun salla, da buta, da tufafin da ka ke salla da su, hankalinka ya kwanta.

Kada a yi wa kwikwiyo wanka sai ya wuce mako 8, bayan haka sau ɗaya a wata ya isa, sai fa in ya yi birgima cikin ƙazanta. Yawan wanka yana cire maiƙon da ke tsare fatarsa, fata ta bushe ta tsattsage, warin ya ƙaru. Ka yi da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi, da hantsi, kada ka yi da garin sabulun wanki. Ka tsare kunnuwansa kada ruwa ya shiga. Ka ɗauraye sarai, ka goge shi da tsumma, ka bar shi a rana har ya bushe, gama jiƙaƙƙen kare ya fi ko wane kare hamami. Da hunturu kada ka yi masa wankan yamma, sanyi na iya kashe shi. Tsakanin wanka da wanka ka riƙa taje shi da tsohon buroshi, kana duba kaska da ƙuma.

In ka ga kaska ko ƙazuwa, kada ka shafa masa baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona. Suna shiga ta fata, yana kuma lasa, 'yan kwikwiyo da yawa sun mutu ta haka. Akwai maganin da aka yi domin karnuka a asibitin dabbobi.

ABINCI DA KWANO

Abin da ya shiga shi ke fita. Kwikwiyon da a ke ba tuwon da ya yi tsami, da miya mai barkono, da madarar shanu da yawa, zawo zai yi ta yi, zawo kuwa ba ya kwasuwa. Albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare, cakulan guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji. Ka ba shi tuwo ko shinkafa tare da dafaffen nama, ko kifi marar ƙaya, ko ƙwai. Sau 4 a yini har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. In lokacin ci ya tsaya, lokacin kashi ma zai tsaya, sai ka san sa'ad da za ka kai shi lungu.

In an yi yanka, musamman da Babbar Salla, kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta mai ƙululun ruwa. A cikin ƙululun nan akwai 'ya'yan wata tsila, su girma a hanjin kare, ƙwansu ya fita cikin kashi, ya koma ya yi irin ƙululun a hantar mutum. Irin wannan nama a binne shi ko a ƙone, sauran kayan ciki kuwa a dafa tukuna.

Ka ware masa kwano biyu, na abinci da na ruwa. In ya ci ya bari, a ɗauke ragowar bayan minti 15, a wanke kwanon. Ruwansa kada ya yanke, don kwikwiyo mai ƙishirwa fitsarinsa ya fi kauri da zarni, shi ne kuma mai sa baki a ƙwaryar mutane. Malaman Malikiyya sun koyar cewa in kare ya sha daga mazubin ruwa, a zubar da ruwan a wanke mazubin sau 7. Rufe randa da cika masa kwanonsa sun fi wannan sauƙi.

WARIN DA KE NUNA CIWO

In ka yi dukan wannan amma warin bai tafi ba, to, ɗan aiken yana faɗin wani labari. Ka duba kunne: in yana kaɗa kai, yana sosawa, ga baƙin datti mai ɗoyi a ciki, kunnen ya kamu. In yana jan gindi a ƙasa, ga ƙarni irin na kifi, waɗansu 'yan jakunkuna biyu ne da ke gefen duburarsa suka cika, likita ya kan matse su. Baki kuwa ya kan ɗan yi wari tsakanin wata 4 da 6, sa'ad da haƙoran nono 28 ke zubewa, na girma 42 suna fitowa. Wannan zai wuce.

Wanda ba ya jira shi ne zawon jini mai mugun ɗoyi, tare da amai da ƙin abinci. Sau da yawa ciwon da a ke kira fabo ne, wanda ya bazu cikin karnukan duniya a shekarar 1978. Yana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ƙwayarsa kuma tana watanni a ƙasa da ranta. Ka kai shi asibiti ran nan, ka wanke wurin da ruwan bilic kamar yadda aka faɗa. Rigakafinsa allura ce da a ke somawa yana mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan ko wane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16.

Akwai ciwo ɗaya wanda hanci ba ya ba da labarinsa, shi ne haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kamar 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne. Louis Pasteur, mutumin Faransa, shi ya fara ceton mutum daga gare shi da allura a shekarar 1885. A Nijeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. A yi wa kwikwiyo yana wata 3, a sake ko wace shekara, ka adana takardar shaida. In kare ya ciji wani, a wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti nan da nan.

SA'AN NAN TURARE

In an kwashe, an wanke, an shanya, an buɗe tagogi iska ta ratsa, to, yanzu uwargida ta kawo kasko. Turaren wuta, ko na sandal ne ko na kajiji irin wanda matan Barno suka gwanance wajen haɗawa, a ɗaki mai tsabta ya ke kama labule da tufafi ya kwana yana ƙamshi. In kuwa ya gamu da zarni, abin da su biyun za su haifa ya fi zarnin muni. Ka fitar da kwikwiyo kafin a sa, hayaƙin da ya yi maka daɗi ya yi wa hancinsa yawa. Kada kuma a fesa masa turare a jiki.

Aikin nan duka, in an raba shi safe da yamma, bai fi rabin sa'a ba a yini, wahalarsa kuma ta watannin farko ce. Kada ka ɗora shi bisa mata da ƙananan yara, kai ka kawo kare, kai ke da nauyinsa. In kana da ɗa wanda ya yi wayo, ka koya masa ya taimake ka, ka tabbata yana wanke hannu. In kuwa ka auna ka ga ba ka da lokacin, ka bar kwikwiyon wurin uwarsa, ko ka ba wanda zai iya, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya jure wata 6, ya sami mai tsaron gida na shekara 10 ko fiye, baƙonsa kuma ya zauna a zaure ya ci tuwo har ya nemi ƙari.